Gidan da Ya Daina Hayaƙi

Kerrindale, Tasmania
6 ga Afrilu

Yaya Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Col da ciwon bayansa, ina mai sanar da ke, cikin nutsuwar da ta dace da babban al'amari, cewa ranar Laraba an zaɓi ƙanenki Sakataren Kwamitin Tattalin Wutar Lantarki na garin Kerrindale. Ƙuri'a huɗu na samu, babu abokin hamayya. An kaɗa su ne lokacin da na fita duba ko na kashe fitilar mota, na dawo na tarar ana tafa min. Ban nemi a yi biki ba, amma in kin ga dama ki sanar da mutanen garinku Darwin.

Ga abin da ya haifi kwamitin. Gwamnati ta ce duk wanda ya yarda aka cire masa murhun itace, aka kafa masa na'urar lantarki ta ɗumama ɗaki, za ta ɗauke masa fiye da rabin kuɗin, a shimfiɗa masa abin riƙe zafi a silin, a liƙe masa kafofin ƙofa da taga. Sharaɗi ɗaya ne: sai an ga hoton bututun hayaƙi a toshe kafin a biya. Takardar shafi goma sha ɗaya ce. Tunda ni kaɗai aka sani a garin nan ina karanta abu har ƙarshe ba tare da an tilasta min ba, aikin ya faɗo kaina.

Kin san inda na dosa. A wasiƙarki ta watan jiya kin ce in dai Baba zai shiga sanyin bana da gatari a hannu, za ki zo da kanki ki kai shi gidan kula da tsofaffi a Launceston. Ban ga laifinki ba. Ni na ga saran da ya yi wa ƙafarsa bara, ke hoto kawai kika gani. Amma mutum mai shekara tamanin da huɗu, hamsin da tara daga ciki a gidan nan na kan tudu, wanda ya ce gawarsa ce za ta fita daga ciki, ba a ɗaukarsa kamar buhun dankali. To ga mafita ta zo har gida. Babu gatari, babu baro, babu toka, babu hayaƙin da zai ƙarasa huhun da injin yankan katako ya ci rabi. Romawa sun ɗumama daɓen gidajensu shekara dubu biyu da suka wuce, mu muna nan muna faskare cikin raɓa muna kiran abin gado.

Ranar Lahadi na kai masa takardar. Ya juya ta, ya duba bayanta kamar takardar sammaci, ya ce, "Wutar da ba a ganinta, yaya mutum zai san tana ci?" Na ce a jikinsa zai ji. Ya ce, "A aljihuna dai, Malam." Kin san ba ya ce min Malam sai yana so ya tuna min cewa malamin tarihi bai taɓa kafa ko ƙusa ɗaya daidai ba.

Da na ga gardamar za ta kai mu dare, sai na faɗa masa gaskiya: ko murhun ya fita, ko shi ya fita. Ki yafe min, da sunanki na yi barazanar. Ya daɗe yana kallon murhun, sannan ya karɓi biron.

Saboda haka ki janye maganar Launceston. Baba zai zauna a gidansa.

Ki gaida Col da yara.

Ƙanenki mai muƙami,
Lyall


11 ga Mayu

Yaya Glenys,

Ina gaisuwa. Da fatan aikin asibiti ya yi sauƙi, kuma zafin garinku bai narkar da ku ba. Mu nan safiya ta fara cizo.

An cire murhun ranar Talata. Mutum uku suka ɗauke shi da ƙyar, ya bar baƙin tabo a daɓe daidai girmansa. Baba bai tsaya kallo ba, ya tafi bayan gida yana gyara shingen da babu abin da ya same shi. Aka kafa na'urar a bango, fara fes, aka hau rufi aka ɗaure wa bututun hular ƙarfe. Ni na ɗauki hoton da kaina.

Muna cikin haka sai ga motar Gwaggo Noelene Direen ta hayo tudun. Kin tuna ta, ƙawar Mama, wadda gidanta ke ƙetaren kwari, tagar kicin ɗinta na fuskantar tamu. Shekararta saba'in da tara yanzu, bakin nan kuwa bai tsufa ba. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta nuna rufin ta ce, "Lyall, wane mai wayon ne ya toshe min agogona?"

Na ce wane agogo. Ta ce tun rasuwar Mama, shekara shida ke nan, kullum tana wanke kofi tana duba bututun Baba. In ya yi hayaƙi kafin ƙarfe takwas, Merv, kamar yadda take kiran Baba, ya tashi lafiya. In bai yi ba, ta ɗauki makullin mota. Ta ce ba ita kaɗai ba, kowane tsoho a kwarin nan yana da mai duba masa hayaƙi, kuma shi kansa Baba nata yake dubawa. Mai kawo wasiƙa tana dubawa, direban motar makaranta yana dubawa. Haka aka samu tsohon Pybus da rai shekarun baya, in ji ta. Na girma a garin nan, na san ana cewa "wane bai hura ba yau," amma ban taɓa ɗaukarsa a matsayin hukuma mai ma'aikata ba.

Ban iya daurewa ba, kin san halina. Na ce ai ban san muna da ma'aikatar leƙen asiri a kicin ɗinta ba, kuma mutanen da ma da hayaƙi suke aika saƙo kafin a ƙirƙiro takarda. Na ciro wayata na nuna mata. Sabuwar mitar wutar Baba tana aiko min da duk abin da gidan ya sha, awa bayan awa. Kullum ƙarfe shida da rabi layin da ke nuna shan wutar yakan yi tsalle, butar shayi ta lantarki ke nan. Na ce, "Ga hayaƙinki nan, Gwaggo, a aljihuna, kuma wannan ba ya sa tari."

Ta kalli wayar, ta kalle ni. "Kullum za ka duba?" Na ce kullum. Ta ce, "Ɗan nan, ni ba tunawa nake ba. Ɗaga kai kawai nake yi." Na ce ai zamani ya wuce ɗaga kai. Ta ce, "To, Farfesa," ta ajiye wa Baba tukunyar miyar kabewa ta tafi. Ita kuma ta ƙi cike takardar. Ta ce a binne ta da murhunta.

Wanda na ɗan ji tausayi shi ne Kel mai itace. Shekara goma sha biyu yana hawowa da a-kori-kurarsa duk mako biyu, ya sauke, ya zauna shan shayi da musun ƙwallo. Yanzu ba shi da dalilin hawowa. Na ce masa ai zai iya zuwa ziyara. Ya ce, "In zo in ce masa me? Na yi kewarsa?" Ya yi dariya har da tari.

Gidan dai ya yi tsit. An liƙe kowace kafa, ko motsin iska ba a ji.

Ki huta lafiya.

Naki,
Lyall


22 ga Yuni

Yaya Glenys,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da safar da kika aiko wa Baba, ya ga yawansu ya ce ko kin manta ƙafa biyu kacal gare shi.

Gida talatin da ɗaya muka yi ya zuwa yau. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗi. Kin tuna yadda hayaƙi ke kwanciya a kwarin nan da safe kamar bargo mai datti, har ba a ganin hasumiyar coci? Bana ana ganinta. A ajina yaran da ke ɗauke da maganin asma ba sa fita a tsakiyar darasi kamar da. Wannan ba ba'a ba ce, kuma ina so ki riƙe shi, domin gaskiya ne.

Matsalar ita ce ubanki. Na je Lahadi na tarar da shi zaune a kujerarsa yana fuskantar tabon murhu, da kwat ɗin aiki da hular ulu, numfashinsa na fita fari a cikin falo. Rimot ɗin na'urar yana cikin ledarsa a saman firiji, kusa da takardar wasiyya. Na ce don me. Ya ce itace in ya tara a rumfa yana ganinsa, ya san ko zai kai shi Satumba, ƙarshen sanyi, wannan kuwa sai bayan wata uku za a aiko masa da labarin abin da ya ci. "Ban taɓa ƙona abin da ban gani ba," in ji shi. Na zauna na yi masa bayani da zane, har da kibiyoyi. Ya saurara kamar yadda ɗalibaina ke saurare ranar Juma'a da rana. A ƙarshe muka yi sulhu irin na ƙasashen da suka gaji da yaƙi: awa biyu da yamma, ba ƙari.

Kada ki ɗaga hankalinki. Ina duba wayar, butar tana tsalle a kan lokaci. Kusan kullum nake dubawa. Makon jarrabawa ne, ga takardun kwamiti, ga mutanen gwamnati suna so mu tara musu alƙaluman garin nan da tsakiyar Yuli, wai za su sa mu a mujallarsu.

Na haɗu da Gwaggo Noelene a kanti. Ta ce har yanzu takan ɗaga kai da safe, sai ta ga rufi babu komai, gabanta ya faɗi, sannan ta tuna. Na ce za ta saba.

Sai na ji daga gare ki.

Lyall


Launceston
18 ga Yuli

Yaya Glenys,

Ina fatan kin samu jirgin Asabar. In wannan ta riga ki isa gida, ki karanta ta bayan kin koma. Baba yana nan a asibiti yadda na faɗa miki a waya: an yi aikin ƙashin ƙugun, huhun ne ya ƙi. Kin tambaye ni awa nawa ya yi a ƙasa, na ce ban sani ba. Na sani. Baki ne ya kasa, shi ya sa nake rubutawa.

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu muka yi taron gari a zaure, saboda alƙaluman nan. An cika, an yi shayi da kek. Gwaggo Noelene ta zo, ba don mu ba, ita ce mai makullin kicin. Na tashi na karanta jimillar kowane gida ta mako, kamar sakamakon jarrabawa. Da na zo kan na Baba na dakata don in ja rai. Shi ne mafi ƙanƙanta a garin, da tazara mai yawa. Na ce ga mutumin da ya fi kowa gardama ya zama na ɗaya a aji. Aka yi dariya, aka tafa.

Daga ƙofar kicin ta ce, "Sake faɗin lambar." Na sake. Ta ce, "Nawa ya sha makon jiya?" Na duba na faɗa. Ta ajiye tiren da ke hannunta. "Lyall, Merv ba ya rage shayi don ya burge kwamiti. Buɗe min wancan, mai tsallen."

Na buɗe a gaban mutane. Litinin akwai tsalle. Talata babu. Laraba babu. Layi ne a miƙe, sai ɗan motsin firiji. Sai a lokacin na lissafa yaushe rabona da buɗe shafin. Kwana goma sha tara, Glenys. Jimillar mako nake dubawa, ita kwamiti ke buƙata. Ban yanke shawarar dainawa ba. Wata safiya na makara, wata safiya na manta, babu abin da ya faru, sai mantuwar ta zauna.

Kel ne ya tuƙa mu, ni da Gwaggo Noelene, zuwa gidan Baba. Muka same shi a lungun da ke tsakanin ɗakinsa da kicin. Santsi ya kwashe shi da safiyar Talata, kafin ya kai ga butar. Ya ja jiki ya kai ga tabarmar ƙofa ya lulluɓa da ita, ya tura jaridu cikin rigarsa. Rimot ɗin yana saman firiji, taku huɗu daga inda yake. Leɓunansa sun yi shuɗi. Da na taɓa hannunsa na ɗauka mun makara.

Ya buɗe ido, ya ga Gwaggo Noelene, ya ce, "Kin daɗe." Ta durƙusa ta cire kwat ɗinta ta rufa masa ta ce, "Ai ba ka hura ba, tsohon banza." Ni kuwa na tashi na kunna na'urar. Cikin minti goma lungun ya yi ɗumi. Tana aiki sosai.

Awa talatin da huɗu. Mai kawo wasiƙa ta tsaya a bakin shinge sau biyu a cikin awannin nan. Baba ya ce ya ji motarta, ya yi kira iya ƙarfinsa. Ba ta ji komai ba. Mun liƙe gidan da kyau.

Da akwai bututu, da ƙarfe takwas da kwata na Talata Gwaggo Noelene tana ƙofar. Likita ya ce karayar ba ita ce babbar matsalar ba, kwanan da ya yi a daɓe mai sanyi ne. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Zan jira ki a filin jirgi.

Lyall


Kerrindale
30 ga Agusta

Yaya Glenys,

Ina gaisuwa. Da fatan kin isa lafiya, kin tarar da su Col lafiya. Kwana goma kika yi a nan, ba ki ɗaga min murya ko sau ɗaya ba. Da kin yi, da ya fi min sauƙi.

An kai Baba gidan kula da tsofaffi ranar Litinin, kamar yadda likitoci suka yanke. Ba zai ƙara taka matakala ba, kuma iskar da ake sa masa a hanci ta zama ta dindindin. Ɗakin yana da tsabta, ɗumi iri ɗaya dare da rana, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Ma'aikatan suna da kirki, suna kiransa "saurayi." Yana barinsu. Wannan ya fi komai tayar min da hankali, domin Baban da muka sani da ya koya musu sunansa tun ranar farko.

Jiya na gaya masa za a sayar da gidan. Na shirya jawabi a mota, na faɗi rabi. Ya ce, "Rumfar fa?" Na ce wace rumfa. Ya ce akwai busasshen itace a ciki da ya rage, mai kyau, na shekara biyu, kada a bar wa baƙi, a kai wa Noelene. Daga nan ya juya fuska bango. Na zauna har lokacin abinci.

Dillalin ya zo ya zagaya gidan. Ya yaba silin, ya yaba tagogi, ya shafa na'urar kamar doki, ya ce duk wanda ya yi wannan aikin ya ƙara wa gidan daraja. Mujallar gwamnati ma ta fito, da hotona a shafi na shida ina murmushi. Na miƙa takardar ajiye muƙami, kwamiti ya ƙi karɓa, wai babu mai iya cike takardun.

Yau da safe ni da Kel muka loda itacen muka kai wa Gwaggo Noelene. Muka tarar ta dawo daga zagaye. Ban san tana yi ba sai yau. Tun ranar da aka ɗauki Baba, ta rubuta gidajen da muka toshe waɗanda tsoho ke kwana shi kaɗai a ciki. Goma sha huɗu ne. Kullum da safe takan bi su da mota, ta yi hon, ta jira a ɗaga labule. Awa ɗaya da rabi take yi a kan hanya mai ƙanƙara, da idon da ba ya gani sosai. Abin da da ake yi daga bakin taga, hannu cikin ruwan wanke-wanke.

Na ce ta ba ni takardar. Ta ce, "Ka sa a waya?" Na ce a'a, rabin gidajen nake so, na gefen makaranta. Ta daɗe tana kallona. "Kullum fa, Farfesa. Har ranar da ba abin da ya faru. Musamman ita." Ta yaga takardar biyu ta ba ni guda. Bakwai gare ni. Zan fara gobe, kuma ba zan yi miki alkawarin komai ba, kin ga abin da alkawarina yake.

Har yanzu na yarda iskar garin nan ta fi ta bara, kuma da ban cire murhun ba wataƙila gatarin ne zai kayar da shi. Ina faɗa wa kaina haka, wani lokaci har ya yi aiki. Amma tsohuwa ta hawo tudu ta gaya min abin da nake toshewa, na mayar da ita abin dariya. Ita ce da gaskiya, Glenys. Ni na yi kuskure.

Ki rubuta wa Baba da manyan haruffa, ni nake karanta masa, amma yana so ya riƙe takardar.

Ƙanenki,
Lyall